Me ya sa furotiyes ɗin funfuna yake ƙarfi wannan sati, sati mai zuwa ya yi sanyi?

Wata ɗaliba 'yar Hausawan Gadarif ta ƙasar Sudan, mai karatun digiri na biyu a fannin ƙananan halittu, ta aiko da wannan tambaya: "Dakta, na ware funfunar Aspergillus niger daga ƙasar gonar dawa, ina renonta a kan dusar alkama don ta ba ni furotiyes, enzaim mai datse furotin, da nake so a gwada a jimar fata. A faifan madara ta yi da'ira mai faɗi. Amma in na auna ƙarfin enzaim ɗin da kesin, furotin ɗin madara, a pH 8, wani sati in samu adadi mai kyau, wani satin kusan babu komai. Me ke rage masa ƙarfi, kuma ta ina zan fara gyara?"

'Yata, Allah ya yi miki albarka, ya ba ki juriyar wannan aiki a irin halin yaƙin da ƙasa take ciki tun watan Afrilun 2023. Tambayarki guda ɗaya ce a rubuce, amma tambayoyi biyu ne a haɗe, kuma muddin ba ki raba su ba za ki yi ta canza abubuwa a makance. Ta farko: nawa ne funfunar ta samar? Ta biyu: abin da ta samar ɗin, yaya yake aiki a yanayin da kika sa shi? Funfuna tana iya zubo enzaim mai yawa ki auna shi a inda ba ya motsi, ki rubuta sifili. Tana kuma iya zubo kaɗan, ma'auninki ya yi miki ƙarya ya nuna mai yawa. A ganina matsalarki ta fi karkata ga ta biyu, don haka daga nan zan fara.

Funfuna ba ta da baki, ba ta da ciki. Abincinta a waje take narkar da shi: ta fitar da enzaim ta cikin zarenta, ya daddatsa furotin zuwa guntaye da amino asid, sannan ta tsotse. Wannan mai daddatsawar shi ne furotiyes, kuma ba iri ɗaya ba ne. Akwai dangin aspatik masu son tsami, mafi yawansu tsakanin pH 3 zuwa 5 (pH ma'aunin tsami ne: ƙasa da 7 tsami, sama da 7 kanwa). Akwai dangin serin, waɗanda galibi suka fi sakewa a ɓangaren kanwa, daga pH 8 zuwa 10 ko sama. Akwai masu ɗauke da ƙarfen zink a tsakiyarsu, waɗanda yawanci suke aiki kusa da pH 7. Kowace funfuna da irin rabon da take da shi a cikin waɗannan.

To, Aspergillus niger mai son tsami ce ta asali. Ita ce ake sarrafa sitirik asid da ita a masana'antun duniya, kuma duk inda ta zauna sai ta tsamama wurin. Manyan furotiyes biyu da take zubowa waje, aspajilopepsin na ɗaya da na biyu, a tsananin tsami suke aiki, wajajen pH 3. Ke kuwa kina auna su a pH 8. A can ba rage ƙarfi kawai suke yi ba, siffarsu ma tana lalacewa. Saboda haka satin da kika samu kusan sifili ba abin mamaki ba ne a wurina. Satin da kika samu adadi mai kyau shi ne nake tuhuma.

Abubuwa biyu ne suka fi kawo irin wannan adadin. Na ɗaya, baƙo ya shigo kwalbar. Dusar alkama cike take da ƙwayoyin Bacillus, kuma irinsu yana jure zafi ƙwarai. In tukunyar kashe ƙwayoyin cuta ba ta kai digiri 121 ba, ko an cusa dusar da yawa har zafin bai ratsa tsakiyarta ba, ko wuta ta ɗauke kafin lokaci ya cika, Bacillus zai tsira. Shi kuwa gwanin furotiyes ne mai son kanwa, danginsa ne ake zubawa a garin sabulun wanki. Sai ki ga adadi mai daɗi a pH 8 ki ɗauka na funfunarki ne. Ki shinshina kwalbar: in akwai warin amoniya ko dusar ta yi yauƙi, ki ɗiba ki duba a madubin ƙara girma. Na biyu, kwalbar kwatanci. Ruwan da kika tace daga dusa yana ɗauke da amino asid da sinadaran fenol tun kafin enzaim ya taɓa kesin, kuma dukkansu suna ba da launi da ruwan Folin da ake awon da shi, kamar yadda tairosin, amino asid ɗin da ake aunawa daga kesin da enzaim ya datse, yake bayarwa. Dole kowane samfuri ya zo da kwatancinsa, inda za ki fara zuba TCA, asid mai daskarar da furotin, ki kashe aikin, sannan ki zuba ruwan enzaim ɗin, ki cire abin da wannan ya nuna daga na ainihin. Kwatanci ɗaya da aka yi da ruwa zalla ba ya wadatarwa.

Da'irar faifan madara ma, wato inda farin madarar ya washe a kewayen funfunar, kada ki dogara da ita ɗari bisa ɗari. Asid ɗin da wannan funfuna take fitarwa shi kaɗai yana iya washe farin madarar a kewayenta ba tare da an datse furotin ba. Ki kwarara TCA a kan faifan ki jira 'yan mintuna. Inda enzaim ya yi aiki da gaske zai tsaya garau, inda asid ne ya yaudare ki zai koma fari. Sannan faɗin da'ira ya danganta da kaurin agar, daskararren abincin da ke faifan, da saurin yaɗuwar funfunar, don haka abin tacewa ne na farko kawai, ba ma'aunin ƙarfi ba.

In za ki auna a ɓangaren tsami, akwai wani tarko. Kesin yana dunƙulewa ya kwanta a pH 4.6, kuma a kusa da nan ba ya narkewa yadda enzaim zai same shi. Shi ya sa tun 1938 masani Anson ya tsara hanyar awo da himogulobin, furotin ɗin jini, ita ce ta dace da furotiyes masu son tsami. Hanyar kesin da ake dangantawa da Kunitz, ta 1947, ta fi dacewa daga pH 7 zuwa sama. Ki ɗauki ruwan enzaim guda, ki auna shi daga pH 2.5 har zuwa 10, da himogulobin a ƙasa, da kesin a sama. Rana ɗaya za ki yi wannan, kuma zai faɗa miki abin da watanni na canza abincin funfuna ba za su faɗa ba.

Ruwan bafa da kike riƙe pH da shi ba ɗan kallo ba ne. Bafan sitiret yana kama kalsiyam ya riƙe, na fosfet yana kwantar da shi ƙasa, alhali furotiyes da yawa na dangin serin da kalsiyam suke ɗaure jikinsu don jure zafi. Furotines K, wanda aka samo daga funfunar Tritirachium album aka bayyana shi a 1974, misali ne sananne: in aka cire masa kalsiyam, juriyarsa ga zafi tana raguwa. Bafan Tris kuma pH ɗinsa yana sauka da kusan 0.03 a kowane digiri ɗaya da zafi ya ƙaru. Wanda kika daidaita a 8 cikin ɗaki mai digiri 25, in ya shiga ruwan ɗumi mai digiri 50 ya gangaro kusa da 7.3. Ki daidaita shi a zafin da za ki yi aiki da shi. Kuma ki yi amfani da tataccen ruwa, ban da na famfo ko na rijiya, domin gishirin da ke cikinsu yana canzawa daga wata zuwa wata.

Batun zafi shi ne inda nake so in daɗe, domin a ƙasarmu shi ne babban mai ɓarna, kuma ta fuska biyu yake zuwa.

Ta fuskar aikin enzaim, kowane ƙarin digiri 10 yana kusan ninka saurin aikin, har zuwa inda furotin ɗin enzaim ɗin kansa zai fara warwarewa. Abin da ɗalibai suke kira "zafin da ya fi dacewa" ba adadi ne tsayayye ba, ya danganta da tsawon awon. A awon minti 10 kina iya ganin digiri 55 ya fi ko'ina. Ki bar enzaim ɗin awa biyu a wannan zafin, ki tarar saura kaɗan, alhali wanda ke digiri 40 yana nan yana aiki. Majemi kuwa ba minti 10 yake jiƙa fata ba. Don haka gwaji biyu za ki yi dabam-dabam: ɗaya na saurin aiki a kowane zafi, ɗaya na juriya, inda za ki ajiye enzaim ɗin shi kaɗai a zafi iri-iri na rabin awa, awa ɗaya, awa biyu, sannan ki auna abin da ya rage. Mafi yawan furotiyes na funfuna ba sa daɗewa sama da digiri 55 zuwa 60.

Ta fuskar reno kuma, yawancin Aspergillus da ake amfani da su sun fi ba da furotiyes a wajajen digiri 28 zuwa 30. Mutanen Japan da suka shafe ɗaruruwan shekaru suna renon Aspergillus oryzae a kan shinkafa da waken suya sun san wannan da hannunsu: in suna son enzaim mai narkar da sitaci sai su bar shimfiɗar ta yi ɗumi zuwa kusan 40, in kuma furotiyes suke so don miyar waken suya sai su riƙe ta ƙasa-ƙasa, kusa da 30. Yanzu ki tuna ɗakin gwaji a Gadarif cikin Afrilu ko Mayu, zafin waje ya haura 40, wuta ta ɗauke tun hantsi. Inkubeta irin wadda aka fi samu dumamawa kawai take yi, ba ta sanyayawa. Kin saita ta a 30, amma in ɗakin yana 38, cikinta ma 38 ne ko fiye. Ƙari a kan haka, funfunar da kanta tana fitar da zafi yayin da take numfashi. Ki tura ma'aunin zafi tsakiyar dusar a kwana na biyu, lokacin da farin zare ya lulluɓe ta kafin baƙin iri ya fito, za ki ga ya ɗara na iskar da ke kewaye, kuma gwargwadon kaurin shimfiɗar gwargwadon tazarar. Shi ya sa ake shimfiɗa dusa siririya, santimita biyu zuwa uku, ba a tula ta. Wannan kaɗai ya isa ya sa sati biyu su bambanta, ko da komai naki daidai yake.

Inda babu wuta tsayayya, zir ɗin da muke sanyaya ruwa da shi yana taimakawa. Tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, irin wadda Malam Mohammed Bah Abba na Jigawa ya yaɗa har ta iso Darfur, tana sauke zafi sosai a lokacin rani da iska take bushe. Da damina ƙarfinta yana raguwa. In za ki yi amfani da ita, ki toshe bakin kwalaben da auduga da kyau, ki ajiye ma'aunin zafi a ciki, ki riƙa rubuta abin da ya nuna safe da rana da dare. Adadin da ba a rubuta zafinsa ba, ba a iya kare shi gaban masu jarrabawa.

Sai abinci. Funfuna ba ta ɓarnar ƙarfinta. Wanda aka ajiye wa tuwo a gaba ba zai ɗauki turmi da taɓarya ba. In kika ba ta gulukos da gishirin amoniyam, ta samu abin da take nema a sauƙaƙe, sai ta rufe ƙwayoyin gadon da ke ƙera furotiyes. An yi nazarin wannan sosai a Aspergillus nidulans, inda furotin uku suke juya waɗannan ƙwayoyin gado: CreA shi ne mai rufewa in sukari mai sauƙi ya wadata, AreA shi ne mai buɗewa in naitirojin mai sauƙi ya yanke, PacC kuma yana duba pH na muhalli, ya buɗe enzaim masu son kanwa in wurin kanwa ne, ya danne masu son tsami. Ma'anar wannan a aikace ita ce pH ɗin da kika jiƙa dusar da shi, da inda ya gangara bayan kwana biyu, suna da hannu a irin furotiyes ɗin da za ki girba, ba yawansa kaɗai ba. Ɗalibai da yawa suna ƙara sukari don su ga funfuna ta yi kauri, ta yi kaurin kuwa, enzaim ya ragu.

Dusar alkama zaɓi ne mai kyau, tana da furotin daidai gwargwado kuma ba ta cushewa. Kina iya ƙara mata ɗan ambaz, wato tunkuzar da ta rage bayan an matse mai, na gyaɗa ko na riɗi, wanda Gadarif ba ta rasa shi, don funfunar ta ji furotin ta motsa. Amma ki saya da yawa lokaci guda, ki shanya, ki niƙa, ki tankaɗe, ki yi dukkan bincikenki da wannan buhun, domin dusar injin niƙa ɗaya ba ta zama daidai da ta wani ba, ragowar garin da ke cikinta ma sitaci ne da zai koma sukari. Ambaz ɗin da man bai fita sosai ba yana toshe iska. Dusar jar dawa kuma ki yi hattara da ita: wasu irin dawa suna da tanin mai yawa, sinadarin nan da ke cikin bagaruwa, garad ɗin majema, kuma aikinsa ke nan ya kama furotin ya ɗaure. Enzaim ma furotin ne.

Laima ki riƙe ta wajen kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari. In kika dunƙula dusar a tafin hannu ta haɗu, ruwa bai ɗiga ba, kika taɓa ta da yatsa ta wargaje, kina kusa. Ta cika ruwa, iska ba ta shiga, bakteriya su samu gida. Ta bushe, zaren ya tsaya. A iskarmu ta rani kwalba tana asarar ruwa da sauri, don haka ki auna nauyinta a farko da ƙarshe, ki kuma rubuta sakamakonki a kan kowane giram na busasshiyar dusa. Yawan irin da kike shukawa ki ƙirga shi, kada ki ɗiba da ido. Lokacin girbi yawanci yana faɗowa tsakanin kwana 3 zuwa 5, daga nan adadin ya fara sauka, domin abinci ya ƙare kuma furotiyes yana cin ɗan'uwansa. Wannan cin kai shi ne dalilin da ruwan enzaim da aka bari a kan tebur, ko a firjin da ke mutuwa da dare, yake wayar gari da rauni. Ki auna a ranar da kika tace. Asalin funfunar ma kada ki yi ta dasa ta daga faifai zuwa faifai har tsawon shekara, tana rikiɗa ta rage bayarwa. Ki adana irinta a busasshiyar ƙasa da aka kashe wa ƙwayoyi, ki riƙa komawa can.

In kina son tabbatar da dangin enzaim ɗinki, masu hana aiki za su faɗa miki. PMSF yana kashe dangin serin, EDTA yana kashe masu zink, pepstatin yana kashe dangin aspatik. Sai dai aspajilopepsin na biyu ba ya jin pepstatin, don haka in kin ga wani kaso ya ƙi mutuwa a pH 3, ba kuskurenki ba ne. PMSF guba ne, kuma ba ya daɗewa cikin ruwa, a narkar da shi cikin alkohol a zuba nan take.

Yanzu ga maganar da ta fi muhimmanci ga manufarki. Fatar da ta fito daga ruwan farar ƙasa tana wajen pH 12. Ana sauke ta zuwa wajen 8, sannan a sa mata enzaim cikin ruwa mai ɗumi da bai kai digiri 40 ba, ya cinye furotin ɗin da ke tsakanin zaruruwa ya bar kolajin, furotin ɗin zaruruwan kansu, fatar ta yi laushi. Majeman da suka gabata da kashin tattabara ko na kaji suke wannan mataki, ƙwayoyin da ke ciki ne suke ba da enzaim ɗin, har Otto Röhm na Jamus ya kawo na fankiriyas ɗin dabbobi, gaɓar ciki mai fitar da ruwan narkar da abinci, a farkon ƙarni na 20. Ke nan pH 8 da kika zaɓa daidai ne ga jima, funfunar ce ba ta dace da shi ba. Hanya biyu ke gabanki. Ko ki riƙe Aspergillus niger ki karkata binciken zuwa laushin fata a ɓangaren tsami, wanda ake yi wa fatar da aka riga aka jiƙa a asid da gishiri, ko ki nemo Aspergillus oryzae daga ma'ajiyar ƙwayoyi da aka sani, ita tana ba da mai son kanwa da na tsaka-tsaki da yawa. Ni na fi karkata ga ta farko, saboda funfunar tana hannunki kuma lokacin digiri ba ya jira. Ko wacce kika ɗauka, gwajin ƙarshe a kan guntun fatar akuya za a yi shi. Adadi mai yawa a kan kesin bai nuna cewa enzaim ɗin zai bar kolajin lafiya ba, kuma wanda ya ci fuskar fata ya sa ta saki, majemi ba zai sake karɓarsa ba ko kyauta ne.

Haka abin yake a wurin masu jibna, wato cuku, na garin Duwem da sauran wurare: furotiyes ɗin funfunar Rhizomucor miehei ya samu karɓuwa a madadin manfaha, abin daskarar da madara na cikin ɗan maraƙi, ne saboda yana datse kafa-kesin, wani nau'in kesin, a gaɓar da ta dace, tsakanin amino asid na 105 da na 106, ba don ya fi kowa ƙarfin narkarwa ba. Mai narkarwa barkatai cuku mai ɗaci yake bayarwa.

Gargaɗi guda, kuma da gaske nake. Kada ki ce za ki samo Aspergillus oryzae da kanki daga ƙasa ko daga ambaz. Koriyar funfunar da za ki gani a can sau da yawa Aspergillus flavus ce, 'yar'uwarta ta kusa da ido ba ya rabewa, mai fitar da afalatoksin, gubar da aka gano bayan mutuwar talotalo sama da 100,000 a Ingila a 1960 sanadiyyar abincin gyaɗa. Ita ce kuma aka daɗe da sanin tana haddasa ciwon funfuna na kogon hanci a nan Sudan. Aspergillus niger ɗin ma wasu irinta suna fitar da okratoksin, don haka kada wani abu daga kwalabenki ya kusanci abinci ko abincin dabbobi. Ki sa takunkumi, ki jiƙa dusar da ruwan tacewa kafin ki motsa ta don kada baƙin irin ya tashi, ki dafa duk abin da kika gama da shi a tukunyar matsi kafin ki zubar.

A satin nan kada ki taɓa abincin funfunar ko kaɗan. Ki shuka kwalabe uku iri ɗaya daga buhu ɗaya, da ta huɗu da ba ki shuka komai a ciki ba don ki ga ko dusar ta mutu da gaske. Ki rubuta zafin tsakiyar dusar sau uku a rana, ki girbe a kwana na huɗu, ki auna kowace a pH 3 da himogulobin da kuma pH 8 da kesin, kowace da kwatancinta na TCA. Ki turo mini adadin guda takwas tare da takardar zafin, daga nan mu san ko laima za mu fara taɓawa ko ambaz.